Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke sayar da filashin da ke kulle kansa

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu masu gyaran kwamfuta ne a Kano. Mun rubuto ne a kan filashinku mai gigabait 32, wanda rana tsaka yake kulle kansa ya ƙi karɓar komai. Mai shi zai buɗe fayil ya karanta, zai iya kwafe shi zuwa wani wuri, amma da ya nemi ajiye sabon abu, ko goge tsoho, ko yin fomatin, sai Windows ta amsa masa da "The disk is write protected". Kayan lantarki dama suna mutuwa, wannan ba mu musa ba. Abin da ya dame mu shi ne amsa ɗaya da ma'aikatanku ke ba kowa: a shiga diskpart (manhajar Windows ta sarrafa faifai), a taɓa rajistiri (rumbun saitin Windows), a yi fomatin. Ana ba mai ciwon haƙori maganin zazzaɓi ke nan, kuma mutane suna asarar lokaci da kuɗi, wasu har da bayanansu.

Kullen filashi ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Akwai masu sauƙi: ɗan makunnin da ke gefen adaftar katin SD da wasu tsirarun filashi, wanda naku ba shi da shi ma. Akwai filashin da aka yi wa fomatin na NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, aka sa a Mac, wadda ke karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Akwai wanda aka zuba wa hoton ISO, wato kwafin faifai sukutum a fayil ɗaya, kai tsaye don girka Linux. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zama laifin filashin.

Sai kuma kullen da ke zuwa daga Windows, wanda shi ne shawararku ta diskpart da rajistiri ta shafa. Ana buɗe cmd, tagar rubuta umarni, da izinin admin, a rubuta diskpart, sannan list disk, a gane filashin ta girmansa, a rubuta select disk da lambarsa, sannan attributes disk clear readonly. Idan kuma a rajistiri aka toshe, ana bin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\StorageDevicePolicies a mayar da WriteProtect zuwa 0, a zare filashin a sake sawa. A kwamfutocin ofis, wani lokaci hukumar wurin ce da kanta ta hana rubutu a kan filashi, kuma wannan ba hurumin mai gyara ba ne ya cire.

Abin da shafin taimakonku na intanet ya ɓoye shi ne yadda mutum zai gane ko waɗannan matakai za su amfane shi. Idan aka rubuta attributes disk kawai, layi biyu ne abin dubawa: Current Read-only State da Read-only. In na biyu ya nuna Yes, alama ce da Windows ta sa, kuma umarnin zai cire ta. In na biyu ya nuna No amma na farko ya tsaya a kan Yes, kuma aka gwada a wata kwamfutar aka ga haka, to filashin ne da kansa yake sanar da cewa a kulle yake. A Linux ma umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin tsarin, zai nuna "Write Protect is on" tun lokacin da aka sa shi. A nan diskpart zai iya cewa ya yi nasara, amma babu abin da zai canza. Haka naku yake nunawa idan ya zo hannunmu.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa fasa filashi. Abu biyu ne a ciki: aisi (ɗan guntun lantarki) na ajiya, wato NAND, da kwantirolar da ke tafiyar da shi. NAND ba ya goge bayani sai ɓangare guda, kuma kowane ɓangare yana da iyakar gogewar da zai jure kafin ya gaji. Kwantirola tana riƙe da wasu ɓangarori a gefe, duk wanda ya mutu ta musanya shi. Idan na gefen suka ƙare, ko teburin da take gane inda kowane bayani yake ya lalace saboda an fizge filashin yana tsakiyar rubutu, ko an ɗauke wuta a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin riƙe wuta, sai ta hana rubutu don abin da ke ciki ya tsira. Wannan dabara ce mai kyau, mun yaba da ita. Amma filashin da ke kai wa wannan matakin tun yana sabo, a hannun ɗalibin da takardun makaranta kawai yake ajiyewa, yana sa mu zargin ingancin NAND ɗin da kuke saye. Zargin ya ƙara ƙarfi da muka ga ChipGenius, manhajar gano abin da ke cikin filashi, yana nuna kwantirola daban-daban a cikin filashi masu kwanso ɗaya da lamba ɗaya.

Hanya guda da ta rage ta buɗe irin wannan kulle ita ce manhajar masana'anta ta ainihin kwantirolar: MPALL ga kwantirolar kamfanin Phison, AlcorMP ga ta Alcor Micro, MPTool ga ta Silicon Motion. Tana sake duba NAND, ta ware ɓangarorin da suka mutu, ta sake zuba wa kwantirola tsarinta. Tana share komai, wani lokaci girman filashin ya ragu, kuma in aka yi kuskuren sigar manhajar, filashin zai iya daina fitowa a kwamfuta. Tunda ba ku bayar da ita, masu gyara suna tsinto ta a shafukan da babu mai tabbacin tsabtarsu. Ko ta yi aiki, mu ba ma ba kowa shawarar ya sake ajiye abu mai muhimmanci a kai.

Akwai kuma haɗarin da shafinku ya jawo kai tsaye. Kun sa umarnin clean a jerin matakai ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya zaɓi disk 0 a maimakon filashinsa, galibi babban faifan kwamfutarsa ya zaɓa, kuma in faifai na biyu ne ko na waje ya faɗa wa, clean zai share teburin rabonsa, wanda kwamfuta ke bi ta ga abin da ke cikin faifan, nan take ba tare da tambaya ba. Ba ku kuma faɗi abu na farko da ya kamata a faɗa ba: a kwashe duk fayilolin zuwa wani wuri tun filashin yana karantuwa, domin bayan kulle sau da yawa mutuwa ce ke biyowa.

Mafi nauyi a wurinmu shi ne sharaɗin garantinku. Kun ce sai an dawo muku da filashin kafin ku canza. Filashin da ya kulle ba ya goguwa. Ke nan kuna neman mutum ya miƙa wa wanda bai sani ba hoton katinsa na ɗan ƙasa, da takardun banki, da hotunan iyalinsa, kuma babu inda kuka rubuta abin da kuke yi da su. Mutane da yawa sun gwammace su haƙura da kuɗinsu, kuma suna da gaskiya.

Don haka muna neman ku gyara shafin taimakonku, ku fara da kwashe bayanai, ku bayyana bambancin layukan nan biyu, ku cire clean ko ku sa masa gargaɗi ƙarara. Ku karɓi hoton sakamakon attributes disk da rasit a matsayin shaida, ku bar mai filashin ya fasa aisin ajiyar a gaban dilanku kafin a ba shi sabo. Ku fitar da manhajar gyara ta kowace kwantirola a shafinku. Sannan kowane kaya da ya iso, ku ɗebi samfuri ku gwada da H2testw, wanda ke cika filashi da bayanai ya sake karantawa, kafin ku raba wa 'yan kasuwa.

Muna jiran amsarku a rubuce, a fili, inda masu sayen kayanku za su gani.

Naku,
Wasu masu gyaran kwamfuta, Kano