Zuwa ga ɗana, sabon mai duba makarantu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, yayarka ta ce an mayar da kai sashen duba makarantu, har ka fara fita. Allah ya taya ka riƙo. Ba daga bakinka na ji ba, amma mu bar wannan.

Ba a ofis ake auna shugaban makaranta ba. Ka isa kafin a kaɗa ƙararrawar asembili, ka tsaya bakin ƙofa ka ƙirga malaman da suka shigo, sannan ka nemi littafin sa hannu. In ka ga sunaye jere da biro ɗaya, rubutu ɗaya, to wani ne ke sa wa 'yan uwansa hannu, kuma shugaba ya sani. Ka ɗauki rajistar aji ka kira suna da kanka. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare. In ka tarar da ninkin haka, laifin na ma'aikatar ilimi ne, kada ka ɗora wa shugaban makarantar. Abin tambayarsa shi ne: takarda nawa ya rubuta yana neman malamai, ina kwafinsu?

Littafin tsara darasi ba hujja ba ne, a dare ɗaya ake cika shi. Ka karɓi littattafan yara uku, na gaba, na tsakiya da na can ƙurya, ka gwada abin da suka rubuta da inda manhaja ta ce a kai a wannan makon, ka ga ko jan biro ya taɓa bi ta kansu. Sakamakon WAEC da NECO ka nemi na shekara 3 a jere, ka ƙirga masu kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Makarantar da ta tashi daga faɗuwa warwas zuwa kowa ya ci a shekara guda, ba a ƙara mata malami ko ɗaya ba, ka binciki yadda aka yi jarrabawar kafin ka yaba. Kuɗin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai) kuwa ka haɗa rasit da littafin kuɗi, abin da aka ce an gyara ka je ka taɓa shi da hannunka. In makarantar kwana ce, ka shiga sito ka ƙirga buhuna, ka tsaya har a raba abinci.

Sai dai ba wannan ne ya hana ni barci ba. Magana ta iso ni cewa ana miƙa muku ambulan in za ku tafi, wai kuɗin mai, kuma kai ma ba ka mayarwa. Ban ce na gaskata ba. Amma yaro, kuɗin nan daga ina yake fitowa? Ko na alli ne, ko an rage daga tukunyar yara. Ranar da ka karɓa, bironka ya koma aljihun shugaban makarantar. Malaman bogi za ka gani ka kau da kai. Har kazar da za a soya maka ta ishe shi ɗaure maka baki. Ka tafi da ruwanka da abincinka. Ka manta abin da ya kai baffanka inda yake ne? Kun sha cewa tsaurina ne ya bar mu a gidan haya. Na ji, amma babu wanda ya taɓa nuna ku da baki a garin nan, kuma ba daga kanka za a fara ba.

Na san albashi ba ya kaiwa, kuɗin tafiya ma sai ya ga dama yake fitowa. In abin ya ƙure ka faɗa mini, gonar bakin rafi tana nan.

Kafin ka bar kowace makaranta, ka zauna da shugaban ka karanta masa abin da ka gani, har da alherinsa. Ka rubuta gyara uku a kundin makaranta da kwanan wata, zango mai zuwa ka koma ba sanarwa.

Innarka tana gaishe ka da yara. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ina son jin maganar ambulan ɗin nan daga bakinka.

Mahaifinka.