Barista, sharaɗin "kaya ba ya dawowa" ya fi ƙarfin doka ne?

Assalamu alaikum Barista. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni tela ce a Tudun Jukun, Zariya. Da na kwashi adashi sai na sayi keken ɗinki na lantarki wurin wani ɗan kasuwa a Legas da ke talla a Instagram, ya ce sabo ne dal. Na tura kuɗi, ya sa a mota, ƙanena ya karɓo a Kwangila. Fenti kam sai ƙyalli, amma ana kunnawa injin ya ɗau zafi yana warin ƙuna, allura tana tsallake ɗinki. Mai gyaran keke a Sabon Gari ya kwance murfin ƙasa, ya nuna mini kan kusoshin duk ya cinye saboda yawan kwancewa. Ya ce, "Hajiya, tsoho ne aka yi wa wanka."

Da na kira mai kayan sai ya turo mini sharuɗɗansa: abin da ya fita ba ya dawowa, koke kuma sai cikin awa 24 daga lokacin da aka ɗora kaya a mota. To Barista, ita kanta motar ba ta iso Zariya a cikin awa 24 ɗin ba! Wannan ai rufe ƙofa ne tun kafin mutum ya iso. Sharuɗɗan ma da Turanci suke, kuma sai bayan na biya suka ɓullo.

Maigidana ya ce in bar wa Allah, ni kuwa guminna ne. Malaminmu na Islamiyya ya ce a fiƙihu aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. Ɗan yayata kuma ya ce akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, da dokar 2018 ta kafa, dokar ta ba da haƙƙin mayar da kaya mai lahani, ta kuma hana gindaya sharaɗin zalunci.

Shin sharaɗin da ban gani ba sai bayan ciniki ya hau kaina? In zan kai ƙara hukumar, rasit ɗin banki da hirarmu ta WhatsApp sun isa hujja, ko sai mai gyaran ya rubuta shaida? Kuma kuɗin motar mayar da keken Legas a wuyan wa yake?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
Tela daga Tudun Jukun, Zariya