Ba ƙarfe ne ke sa ƙaramin jirgi ya yi ƙarko ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da na shafe shekaru ina yi a lokacin hutuna, wato haɗawa da gyarawa da tuƙa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin mai aiki da batir da ake sarrafawa da rimot. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce guda da matasa masu sha'awar abin ke yawan yi mini: wane jirgi ne ba ya karyewa? Kafin in buɗe baki sun ba kansu amsa, wai wanda aka yi da ƙarfe. Ni ma da haka na ɗauka, kuma na ji a jikina.

Jirgin da na fara koyo da shi irin girman da ake kira 450 ne. Kowace farfelarsa tsawon milimita 325 ne, nauyinsa duka da batir bai kai kilo ɗaya ba, amma farfelar tana juyawa sau 2,500 ko fiye a minti guda. Kan jirgin, inda farfela ke maƙale, na roba ne. Faɗuwata ta farko, hannun robar da ke riƙe farfela ya tsage, haƙora huɗu na babbar giyar suka zube. Na tsaya ina kallon ɓarbashin farar roba a cikin ciyawa, raina a ɓace, na ce wannan ai aikin ganganci ne, ina dalilin sa roba a wurin da ya fi ko'ina shan wahala? Sai na sayi kai na alminiyon, mai sheƙi, na ƙara da farfela ta kabon mai tauri. Ranar da na gama ɗaurawa na daɗe ina jujjuya jirgin a hannu don daɗi.

Faɗuwa ta biyu ba ta ma kai ta farko muni ba. Iska ce ta tura shi gefe, farfela ta taɓa ƙasa. Da na ɗaga shi ban ga abin da ya karye ba, na yi hamdala. Amma da na sake tayar da shi sai ya kama kakkarwa, wutsiya tana wutsil-wutsil, farfelar biyu kuma ba sa bin layi ɗaya: in ka duba ta gefe sai ka ga kamar faifai biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na kwance shi gaba ɗaya. Na ɗora babbar sandar tsakiya a kan gilashin tebur na mirgina ta, sai ga ta tana ɗingishi, haske na leƙowa ta ƙarƙashinta. Ƙaramar sandar da ta ratsa kan ta haɗa farfela biyu ita ma ta lanƙwashe. Boris biyu sun fara ƙara kamar an zuba musu yashi. Ɗaya daga cikin sarbo uku, wato ƙananan injinan da ke tura faifan karkatar da farfela, haƙoransa sun tafi. Hannun alminiyon ɗin da nake taƙama da shi ya ɗan karkace kaɗan, irin karkacewar da ido ba ya gani sai an auna.

A nan na gane cewa ƙarfin bugun ƙasa ba ya ɓacewa, dole sai wani abu ya shanye shi. Roba tana shanyewa ta karye, ta nuna maka inda ciwon yake, ka canza ta cikin minti goma. Ƙarfe kuwa miƙa bugun yake yi gaba, zuwa sanda, zuwa boris, zuwa sarbo, sannan ya lanƙwashe a ɓoye ya bar ka da girgizar da ke rikita jairo, na'urar da ke jin motsin jirgi tana daidaita shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ashe da gangan maƙeran suka yi babbar giyar da roba, domin ta zama fansar injin da sandar. Tun daga ranar na mayar da hannayen roba, kuma ban sake kallon su da raini ba.

Abu na biyu da ke sa jirgi ya daɗe shi ne rashin nauyi. Daga baya na sayi wani ɗan ƙarami da bai kai giram 50 ba, wanda zai zauna a tafin hannu, amma farfelarsa tana sauya kwanan da take yankar iska da shi kamar ta manya. Ya faɗi a ciyawa ba adadi, sai dai in ɗauka in busa ƙura, in tura giyar ta koma mazauninta, in ci gaba. Da ɗan ƙaramin nan na koyi abin da babban ya kasa koya mini cikin wata shida, domin da babban rabin lokacina a teburin gyara yake ƙarewa, sauran rabin kuma tsoro ne ke riƙe mini yatsu. Duk wanda zai fara, ina ba shi shawara da zuciya ɗaya ya fara da ƙarami, ya haɗa da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, irin su RealFlight, inda faɗuwa ba ta cin komai.

Ba ina cewa kada a taɓa jirgi a bar shi yadda ya zo ba. Ai daɗin abin ma yana cikin gyare-gyaren. Sai dai gyaran da ya amfane ni yawanci ba ya sheƙi. Na ɗaura sanduna biyu a gicciye ƙarƙashin ƙafafun jirgin, da ƙwallon tebur a kowane baki, don kada ya kife lokacin sauka. Na rage gudun farfela a cikin rimot, na rage kwanan da take iya kaiwa, domin mai koyo ba ya buƙatar digiri 12 sama da 12 ƙasa da masu wasan juyi ke amfani da su. Digiri biyar ko shida ya ishi jirgi tsayawa a iska. Na sassauta tsakiyar sandunan rimot ta yadda ɗan rawar yatsa ba zai zama babban motsi ba. Na fenta murfin gaba da ruwan lemo mai haske, saboda in jirgi ya yi nisa, sanin inda hancinsa ya dosa shi ne rabin tuƙi. Kowane noti da ya shiga ƙarfe na ɗiga masa shuɗin gam ɗin nan na hana kwancewa, amma ban yarda ya taɓa roba ba, don yana cinye ta. A wutsiya kuma na fi son wadda bel ke juya farfelarta a kan wadda sanda ke juyawa, domin in ƙaramar farfela ta daki ƙasa bel yakan zame ya yafe, giyar sanda kuwa nan take take zubar da haƙora.

Maganar wutsiya ta tuna mini abin da ke ruɗa kowane sabon shiga. Babbar farfela in ta juya dama, jikin jirgi yana son juyawa hagu, ƙaramar farfelar baya ce ke hana shi. Tsarin ke nan da Igor Sikorsky ya tashi da shi a jirginsa VS-300 a 1939, kuma shi ne Dieter Schlüter, injiniyan nan na Jamus, ya yi nasarar mayarwa ƙarami mai rimot wajen 1970. To amma iskar da wutsiya ke turawa tana sa jirgin zamewa gefe daidai lokacin tashi. Ga kuma iskar babbar farfela da ke dukan ƙasa ta dawo ta yamutsa shi. Mai koyo sai ya ga abin ya tsorata, ya riƙe jirgin dab da ƙasa, alhali nan ne wuri mafi wuya. A ɗaga shi da ƙwarin gwiwa ya kai kamar mita ɗaya, wutsiya na kallon mai tuƙi, sai ka ji ya natsu. Sai an ƙware a haka za a juya shi gefe, can daga baya a juyo hancinsa ya kalle ka, inda hagu ke komawa dama. Ni wannan mataki na ƙarshe ya ɗauke ni kusan shekara.

Akwai makunni guda a rimot da ya fi duk kayan gyara daraja a wurina, shi ne mai kashe totur nan take. In ka ga babu makawa jirgi zai faɗi, ka danna shi kafin ya taɓa ƙasa. Farfelar da babu inji a bayanta takan bugi ƙasa ta tsaya. Wadda injin ke turawa kuwa sai ta yi ta dukan ƙasa kamar kazar da aka yanka, har ta sare bututun wutsiya, wani lokaci ta ƙone na'urar da ke ba injin wuta. Na horar da ɗan yatsana a kan makunnin nan har ya zama ba sai na yi tunani ba.

Batir kuma, don Allah a ji tsoronsa. Irin wanda ake kira LiPo, kowane sel nasa, wato ɗan ƙaramin batirin da ke cikinsa, bolt 4.2 ne in ya cika, kuma in aka tsotse shi ya gangara ƙasa da bolt 3 ya lalace. Nawa mai sel uku ne, yana iya ba ni minti shida, amma na sa agogon rimot ya yi ƙara a minti biyar in sauka. In zan ajiye shi kwanaki sai in bar kowane sel a wajen bolt 3.8. Ba na caji in fita, ba na caji in kwanta barci, kuma duk wanda ya kumbura ko ya lotsa bayan faɗuwa na daina amfani da shi ke nan, domin wutarsa ba ta jin lallashi. Haka ita ma farfela, tana yanka kamar wuƙa. Fili ake nema wanda babu mutane, babu wayoyin lantarki, nesa da filin jirgin sama, kuma yara su tsaya bayan mai tuƙi. Kowace ƙasa da dokarta a kan irin waɗannan jirage; a Amurka, misali, wanda ya kai giram 250 sai an yi masa rajista. Mutum ya binciki dokar inda yake kafin ya tashi.

Ya Edita, yaron da ya warware kan jirgin nan ya sake haɗa shi da hannunsa, to ya taɓa lantarki, ya taɓa kanikanci, ya ga yadda iska ke ɗaukar nauyi, duk a kan tebur ɗaya. Shi ya sa nake roƙon jaridarku ta riƙa ware wa irin wannan sha'awa ɗan gurbi a shafin kimiyya da fasaha, ko da sau ɗaya a wata, inda masu yi za su aiko da tambaya da abin da suka gano. In kun buɗe, ni na yi alkawarin rubuto yadda ake daidaita nauyin farfela biyu da ɗan salatif, har jirgi ya daina kakkarwa.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku kullum