A riƙa awo kafin a gina matakalar baranda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin magina da masu gida kan wani aiki da ake rainawa, wato 'yar matakalar da ake yi wa barandar tsakar gida. A nan Garwa, saboda ruwan damina da ke kwanciya a unguwannin da ke kusa da kogin Binuwai, mutane da yawa suna ɗaga daɓen gidajensu, amma idan an zo kan matakala sai a bar wa yaron magini ya haɗa ta da ragowar siminti.

Bulon da muke gini da shi tsayinsa santimita 20 ne. Idan baranda ta kai santimita 48, sai a jera bulo biyu yadda suke, mataki na ƙarshe kuma ya tashi da 8 kacal. Ƙafar mutum kuwa da matakin farko take ɗaukar awo, tana sa ran sauran ma haka suke, shi ya sa za ka ga tsohuwa riƙe da butar alwala ta yi tuntuɓe da asuba a wurin da take takawa kullum. Abin da ya dace shi ne a raba 48 ɗin gida uku, kowane mataki ya sami 16, faɗin wurin taka ƙafa kuma ya kai 30. Maginan da suka yi makarantar koyon sana'a sun san ƙa'idar Blondel, masanin gini na Faransa a ƙarni na 17, wadda ta ce tsayi sau biyu haɗe da faɗi ya kasance tsakanin santimita 60 da 64, kuma wannan awo ya ba da 62. Wanda zai shimfiɗa tayil daga baya ya sa kaurinsa cikin lissafi tun farko, kuma a ganina tayil mai santsi ba shi da wurin zama inda ake zubar da ruwa.

Ga 'yan'uwanmu na yankin Marwa, inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, wajibi ne a haƙa tushe a daddale shi da tsakuwa, in ba haka ba matakalar za ta rabu da jikin baranda. Mai son ta katako ya ɗora ƙafafunta bisa siminti saboda gara. Bayan an gama, a riƙa yayyafa wa simintin ruwa safe da yamma har mako guda.

Wassalam.

Wani magini mai ritaya,
Garwa, Kamaru