Amsa ga likitan da ya ce ina ƙwarar yara da tsohon hoto

Likita, bayan gaisuwa.

Ka tambaya a bainar jama'a dalilin da ya sa har yau nake auna ƙoƙon kan yara da hoton gefen kai alhali ga na'urar CBCT mai ɗaukar hoton ƙashin kai ta kowane ɓangare, ka ce ban iya karanta hotonta ba, ka ƙara da cewa ƙwarar yaran nake yi. Wannan kalmar ta yi mini ciwo, kuma ita zan amsa.

Ƙa'idojin da Tarayyar Turai ta fitar a 2012 sun nuna hoton gefen kai bai kai maikirosibat 6 (ma'aunin hasken radiyeshon da ke shiga jiki) ba, shi kuwa CBCT na dukan fuska yana tsakanin 30 da 1073. Haɗarin ga yaron da bai kai shekara 10 ba ya ninka na ɗan shekara 30 sau uku. Kuma mai gyaran jeren haƙora ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. To wa ke ƙwarar wa?

Ban musa aibin hoton gefe ba. Ko da an ajiye tazarar ƙafa 5 tsakanin bututun da ke fitar da hasken da tsakiyar kai, yadda likitan haƙori Broadbent ya tsara a 1931, hoton yana ƙara girman ƙashi da kusan kashi 10 cikin ɗari, kusurwar muƙamuƙin dama da ta hagu su fito biyu, sai an raba tsakani. In sandunan da ake sa wa a kunne don riƙe kai ba su zauna daram ba, ko yaro ya karkata kai, awon tsawo ya ɓaci. Amma kusurwoyin da ake kira SNA, SNB da ANB, waɗanda da su ake sanin ko muƙamuƙin sama ne ya yi gaba ko na ƙasa ne ya noƙe, a tsakiyar kai ake ɗaukar maki nasu, inda hotunan biyu kusan amsa ɗaya suke bayarwa. Ba ka kuma faɗa wa mutane cewa CBCT yana zagaya kai na daƙiƙu da yawa ba. Yaro ya haɗiyi yawu ko ya motsa, hoton ya dusashe, a sake haska shi.

Batun cewa ban iya karanta hoton CBCT ba, waɗanda na koyar sun ishe ni shaida. Fiƙar da ta maƙale tana cin saiwar maƙwabcinta, tsagewar ganda, fuskar da ta karkace: nan ne wurin CBCT, a taƙaita hasken kan inda ake nema.

Abin da ke damuna, Likita, shi ne tambayar nan ba ta taso ba sai da ka sayi na'urar. Iyaye ba su san maikirosibat ba, abin da muka ce su biya shi suke biya.

Wassalam.