A shirya wa malaman tarihi na kwalejoji bita a lokacin dogon hutu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan malaman tarihi na kwalejojin ilimi.

Tun da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon karatu na 2009/2010, ɗalibai suka riƙa kauce wa fannin, domin ba wanda zai kashe shekara uku yana neman NCE a darasin da ba a koyarwa. Da gwamnatin tarayya ta dawo da shi, ta kuma ware malamai 3,700 a 2022 domin horarwa, ɗari daga kowace jiha da Abuja, mun yi murna. Abin da ya rage shi ne mu da muke yaye irin waɗannan malamai.

Na shekara takwas ina koyar da tarihin mulkin Turawa daga takardun lacca da na gada. Ranar da na fara buɗe fayil a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, na tarar da rahoton wani Di'o wanda ya ƙirga gonaki da shanu da masaƙa na gunduma guda domin yanka haraji, takardar ta yi ja tana neman karyewa a hannuna. A bayanta akwai wasiƙa da rubutun Larabci da hatimi, wadda na kasa karantawa, duk da digirina biyu.

Saboda haka nake kira ga TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati da kuɗi, da ta ɗauki nauyin bita ta mako uku kowane watan Agusta a Arewa House, cibiyar da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna. Ba irin taron otal na yini biyu nake nufi ba, wanda ake raba jaka da alawus a watse. A zaunar da mu gaban fayiloli, a gayyato malaman zaure su koya mana karatun ajami, kowa kuma ya koma kwalejinsa da kwafin takardun da suka shafi lardinsa. Malamai biyu daga kowace kwaleji sun isa a fara.

Naka,
Wani malamin tarihi a kwalejin ilimi