Muna Jiran Baƙo Cikin Sanyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mutumina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya Legas, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman nesa da gida? Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko sai ta rasa haƙoran tauna goro sannan za ka kawo na aurenka.

Na san za ka yi dariyar ganin takarda a wannan zamani na waya. Ka dai san garinmu, sabis ba ya zama sai a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, daidai inda su Baffa suke shimfiɗa tabarma, maganar da ke bakina kuwa ba ta gaban dattawa ba ce. Da na ji motar shanu za ta tashi daga Maigatari bayan kasuwar Alhamis, sai na ce bari in rubuta in ba yaron motar, tunda ya san rumfarku.

To, mutuniyar taka dai Allah ya kawo rabo. An shiga wata na bakwai, lissafin malamar asibiti ya nuna wajen Janairu in Allah ya kai mu. A gida kowa ya gani, kowa ya kau da kai, ba wanda ya furta. Ni ma haka nake wucewa kamar ban san komai ba, ka san sha'anin ɗan fari.

Farkon abin ta sha wuya. Laulayi ya zo mata daidai lokacin noman farko, ina gona tun asuba, ita tana kwance. Warin daddawa ba ta so, ƙamshin man gyaɗa kuwa ko daga gidan maƙwabta ya taso sai ta fita bayan ɗaki, alhali ƙuli-ƙuli ne sana'arta. Dole ta ajiye kasko, kuɗin adashinta ya dawo wuyana. Tuwo daga ɗakin Inna nake ci. Abin da cikinta ya karɓa kawai goruba da kwaɗon rama da ruwan tsamiya. Yanzu wannan ya wuce, ci take yi sosai, sai dai nauyi da ciwon baya, da ƙafa da ke ɗan tasawa da yamma.

Aikin gida mun sake masa tsari. Hatsi inji nake kai wa, na hana ta surfe da daka. Ruwa ni nake ɗebowa a tuƙa-tuƙa kafin gari ya waye sosai, in jera jarkoki a bayan babur. Duk da sammakon sai da 'yan majalisa suka gano, yanzu ina zuwa za ka ji ana cewa ga mijin-ta-ce ya iso, a gyara masa benci. Ina ba su amsa daidai da su. Inna ma ba ta so abin ba, a ganinta mace mai juna biyu in ta daina daka jikinta zai mutu, naƙuda ta yi mata tsawo. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta, don a asibiti ma cewa suka yi kada ta kwanta, ta riƙa tafiya tana aikin da ba na ɗaukar nauyi ba. Shara da girki da ɓarar gyaɗa suna hannunta, zoɓo ma in an fara tsinka za ta zauna cikin mata ta yi abin da ya sawwaƙa.

Gona ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Gero ya shiga rumbu, wake muna kan roro, riɗi na yanke na kafa shi ya bushe, na kaɗe. Ɗinki kuma ga shi nan, ran Lahadi ina Gujungu da kekena kamar kullum. Sai dai kuɗin ba ya auki. Man fetur da muke saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, ka san har 1,000 ya taɓa haurawa, komai kuma ya bi shi, daga zare har kuɗin niƙa.

Awo take zuwa a ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Ni nake kai ta, in ajiye ta, in koma gefe wajen mai shayi. Wani zuwan sai ga yarinya ta fito tana cewa ana kiran mijin wance. Wallahi ji na yi kamar in tayar da babur in gudu. Na shiga, mata cike da benci, kowacce ta ja mayafi tana dariya ƙasa-ƙasa. Malamar, wata dattijuwa mai tabarau, ba ta ko ɗago kai daga katin ba ta ce, "Malam, ka sayi rago?" Na ce na saya. Ta ce, "Madalla. To motar da za ta ɗauko ta ƙarfe biyun dare fa, ka tanada? In aka ce ana neman jini, wa zai bayar?" Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ta ce abubuwan da in na gani kada in tsaya neman shawarar kowa: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya alhali naƙuda ba ta zo ba, ko a ji ɗan ya daina motsi. Ciwon kan nan da kumburi, in ji ta, sau da yawa hawan jini ne, shi ke kawo jijjigar da mutanenmu ke cewa iska ce, a tsaya ana hayaƙi har lokaci ya ƙure. Ta ce naƙudar da ta wuce awa 12 ba ta ɗaki ba ce, domin doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara har wurin ya huje. Ka tuna matan da muke gani ana kaiwa Jahun muna yara-yara ba mu san dalili ba? Shi ne. Tun 2008 ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, MSF, take aiki a babban asibitin can, suna karɓar haihuwar da ta zo da matsala, suna kuma ɗinke masu yoyon. Kafin in fito sai da aka ɗebi jinina aka duba rukuninsa, aka rubuta a bayan katinta.

Tun ranar lissafina ya canza. Buhun riɗi guda na ware na kai ɗakin Baffa na ce ko ni na zo da kaina ina roƙo kada a ba ni, sai ranar. Masu saye suna ta zarya, suna cewa kasuwar Dawanau ta Kano ake kaiwa kuma farashi zai faɗi, na ce ya faɗi. Na yi magana da direban nan mai tsohuwar Golf, na karɓi lambarsa da ta ƙaninsa, mun yi da shi cewa daga Disamba ba zai riƙa kwana da tanki a bushe ba. Ƙannena biyu sun yarda za su ba da jini in ta kama, bayan na sha fama da su, don ɗayan ya ɗauka in aka ɗebi leda guda shi ke nan ƙarfinsa ya tafi har abada.

Magunguna tana sha. Akwai ƙwayoyi uku na zazzaɓin sauro da ake ba ta ta haɗiye a gabansu, an yi mata allurar tetanus, gidan sauro kuma ba fashi. Jan maganin ƙarin jini ne aka so a samu matsala, don wata gwaggonta ta hure mata kunne cewa yana sa ɗa ya yi ƙato a ciki ya ƙi fita. Malamar ta ce ba haka ba ne, ƙarancin jini shi ne abin tsoro, don macen da jininta ya yi ƙasa ko kaɗan ta zubar wajen haihuwa sai ta galabaita. Yanzu da kanta take tuna wa kanta bayan tuwon dare. Zogale da wake da ƙwai ba sa yankewa, hanta kuma duk ran kasuwa.

Babbar maganar da ta hana ni barci ita ce goyon ciki. Bisa al'ada wannan watan ya kamata ta koma gidansu, a can za ta haihu, a can za ta yi wanka. Kai ka san garinsu, ka san yashin nan da ke kama ƙafar babur, mota kuwa in ba mai ƙarfi ba ba ta shiga. Daga gidanmu zuwa kwalta ba nisa, daga nasu kuwa tafiya ce. Ni kuma ina ni ina buɗe baki gaban surukai in ce kada 'yarsu ta zo gida haihuwar fari? Sai na bi ta kan Baffa. Ya saurare ni har na gama, ya ce yaran zamani kun cika tsoro, sannan washegari ya sa babbar riga ya tafi. Abin da aka tsayar: za ta zauna nan har ta sauka, mahaifiyarta za ta zo ta tare a ɗakin Inna idan watan ya kama, bayan suna kuma su tafi da ita wankan gida ta yi arba'in ɗinta a can. Kowa ya samu nasa. Na san ran surukata bai so ba, amma ta aiko da kuka da kuɓewa busasshiya, na ɗauka an huce.

Saura rigimar jego. Inna ta riga ta tanadi kanwa, ni kuma ta sa ni tara itacen wanka, ya kusa kai tsayin katanga. Wankan ban isa in hana ba, ban ma ga dalilin hanawa ba, na dai roƙa a riƙa sirka ruwan kada a ƙona baiwar Allah. Kunun kanwa ne nake so a rage, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Inna ta ce mu takwas ta haifa da kanwar nan. Ban ce mata komai ba, don ni da ita mun san mu nawa muka rage, kuma ba maganar da ɗa zai yi wa uwarsa ba ce. Na bar wa malamar, ta ce in kawo mata Inna awo na gaba su gana, tsoho da tsoho. A nan za ta yi mata maganar dakashi, cewa kada a matse a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, da maganar cibiya, cewa man da za su bayar kaɗai za a shafa, ban da toka ko man goge baki.

Ragon yana nan ɗaure, yana cin harawa da dusa, ya fara yin wuya. Da dare in na rufe shago nakan haɗa 'yan riguna da ragowar yadi, ina ɓoyewa a ƙasan akwatin keke. Ita ta gani, ta ce hannun ya yi tsawo, wai ɗan mutum za a haifa ba ɗan raƙumi ba. In namiji ne sunan marigayi Baba zai ci, ka ga sai mu kira shi Abba. In mace ce na bar wa Inna zaɓi.

Abin da nake so ka yi mini: ka nemo mini fitila mai cajin rana, mai kyau wadda ke kai asuba, da tawul biyu masu laushi, ka ba yaron motar nan in za su juyo. Ka faɗi kuɗin, zan tura maka ta wajen mai POS ran Lahadi. Kuma ka fara shiri tun yanzu, don ba zan karɓi uzurin kasuwa ranar suna ba. Ka sa mu a addu'a, Allah ya raba lafiya.

Ka gaida mutanen rumfa da duk 'yan garinmu da ke nan.

Wassalam,
Naka, telan Gujungu.